Kabewa Mai Jan Zare

Gwaggo,

An gama cire kabewa jiya, duka iri ukun, kuma babu wadda sanyi ya taɓa. Na sa wannan a gaba ne don na san shi za ki fara nema. Yanzu sai gaisuwa.

Ina fatan kin sauka lafiya, kuma gwiwar ba ta matsa miki a mota ba. Ya jikokinki? Ya taubashiyata, likitar gobe? Ki gaya mata idan ta kuskura ta faɗi jarrabawar nan bayan ta raba ki da lambunki ana tsakiyar kaka don ki riƙe mata yara, da ni za ta yi. Ni lafiya ƙalau, ban da ƙugu, wanda ya gano cewa zaman ofis da sunkuyo a fangali ba sana'a ɗaya ba ce. Hutun da na ɗauka zai kai ni har ki dawo.

Ga yadda lambu yake. Masara ta bushe a tsaye, waken da ya hau ta ya bushe tare da ita, sai na fara tsinke waken kafin na sare kara, kamar yadda kika nuna mini. Tumatir ya ƙare. Ɗanyun da suka rage na jera su a tagar ɗakin ajiya, suna nuna ɗaya bayan ɗaya. Albasa tana shan iska a ƙarƙashin rumfa. Karas da kabeji na bar su a ƙasa, tunda kin ce sanyi zaƙi yake ƙara musu. Agwagi na sake su a fangalin da aka kwashe, suna tsince dodon koɗi ba ji ba gani. Kaji sun rage ƙwai. Maƙwabcinmu Mai Zuma ya ce haka suke yi idan yini ya fara gajarta, kada in ɗauka ni suka tsana.

Kabewar kakata Inna, doguwar nan mai launin toka, ta fi sauran biyun yi bana. Na tarar da guda shida da kika ɗaura wa jan zare a mariƙi. Ina ganin zaren na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. A gonarsa, duk abin da aka ɗaura wa jan zare an riga an yi wa wani alkawarinsa. Na tambayi Mai Abinci ta bakin tasha, ta ce ai kowace shekara ita ke ɗaukar kabewar farko. Na kai mata huɗu a baro, ta ce sun ishe ta. Sauran biyun na ajiye su a rumfarmu ta kasuwa ina jiran masu su. Ba wanda ya zo, da kasuwa ta kusa tashi na sayar.

Dabarar ta yi mini daɗi, har na ɗauko zaren daga aljihun rigar aikinki na ɗaura wa waɗanda mutane suka ce in ajiye musu. Ban taɓa sanin ke da Baba kun yi gadon abu ɗaya ba.

Ki huta, Gwaggo. Komai yana hannu.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo, ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Na sauka lafiya, gwiwa ta yi ƙorafinta ta gaji ta yi shiru. Har yanzu ban ga wasiƙa daga wajenka ba, amma na san hanyar nan ba ta sauri. Kada ka ce za ka kira ni a waya. Da kunnen nan nawa, abin da nake ji a waya bai wuce kamar ana wanke kwanuka a gidan maƙwabta ba.

Gidan nan a bene yake, hawa na uku, babu ƙasa ko tafin hannu. Akwai tukunya ɗaya a taga da na'ana'a a ciki, tana neman mutuwa. Na ceto ta. Taubashiyarka ta manna zanen ƙasusuwan mutum a jikin firji, tana karatu a teburin kicin, yara suna hawa ta suna sauka. Ta ce in gaya maka ranar da ƙugunka ya kai ka asibiti, ita za ta riƙe allurar.

Ga abin da ya rage maka. Tafarnuwa za a dasa a inda wake ya tashi, kan ya kalli sama. Duk fangalin da aka kwashe kada ka bar shi tsirara, ka rufe shi da karan masara da busasshen ganye. Kabeji ka riƙa duba ƙarƙashin ganyen. Taki kada ka juya shi yana jiƙe.

Sai babban abin, wanda gaggawar tafiya ta sa na manta ban faɗa maka ba. Za ka ga kabewar Inna guda shida da jan zare a mariƙi. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, na iri ne. Ka san iri uku muke shukawa kusa da juna, kuma ƙudan zumar maƙwabcinmu ba ruwansu da wannan: su tashi daga furen wannan su faɗa na waccan. Kabewar da za a ci ba ta canjawa, amma 'ya'yan da ke cikinta sun gauraya, idan ka shuka su baɗi abin da zai fito ba na Inna ba ne. Shi ya sa lokacin fure nake ɗaure bakin furen tun bai buɗe ba, in shafa masa garin furen irinsa da hannuna, in sake ɗaurewa, in sa zare a mariƙin don in gane ta.

Irin bara ruwa ya yi yoyo a kan gwangwanin da na adana shi a ciki, ya ruɓe. Ɗan abin da ya tsira shi na shuka kaf. Don haka shidan nan su ne duk abin da ya rage na kabewar da uwata ta riƙe tun kafin a haife ni. Ka ɗora su a kan katakon sama na ɗakin ajiya, inda ɓera ba ya kaiwa. Idan na dawo mu yanka tare.

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Lafiyata ƙalau. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, don haka kin riga kin san abin da na yi. Ga abin da ya biyo baya, daki-daki.

Ina gama karanta taki na nufi tasha. Mai Abinci tana ganina ta ce, "Dogo, lafiya kake tafe ba baro?" Na gaya mata. Ta ajiye ludayi ta ce, "Kai! Ai direbobi sun cinye su tun tuni. Sai dai ka bi su ɗaya ɗaya ka tambayi cikinsu." Na ce 'ya'yan fa? Ta nuna mini wani kwano a kan teburinta. Ashe soya su take yi da gishiri, ta ajiye wa masu jiran abinci. Na tsaya ina kallon kwanon, ban san lokacin da na ɗauki biyu na ci ba. Akwai daɗi, Gwaggo. Ban ga amfanin ɓoye miki ba.

Huɗu sun tafi ke nan. Saura biyun da na sayar a rumfa. Ɗaya wani mai babur ya saya, ɗayar wata mata ce mai tabarau, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai Zuma ya yanko kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya sayi kabewa mai jan zare ya taimaka ya dawo da ita, za a ba shi biyu a madadinta. Muka rataye a gaban rumfa. Mai ƙwai ta kusa da rumfarmu ta karanta ta ce ita dai ta ga cigiyar akuya, ta ga ta yaro, amma cigiyar kabewa sai a kan ɗan Gwaggo. Ta gama dariyarta kuma ta fi kowa tare mutane tana nuna musu kwalin.

Mai babur ya zo da kansa. Ya ce sun cinye, 'ya'yan kuma matarsa ta watsa wa kaji. Ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, har sai da na koma ni nake lallashinsa. Saura ɗaya.

Mutum uku sun dawo da kabewa, kowace doguwa, mai launin toka, da jan zare. Biyu daga cikinsu sun ƙi karɓar komai a madadi. Ɗayansu, wani dattijo, ya ce idan ta iri ce ai ba a cinikinta, a dai tuna da shi baɗi. Amma a nan na ƙara jawo wata matsalar da hannuna: ni ma na ɗaura wa wasu zare, daga zarenki, kuma akwai kabewar Inna a cikinsu. Yanzu ga uku a kan katakon sama, ban san ko taki tana ciki ba. Mai tabarau dai ba ta cikin waɗanda suka zo, amma wata ta ce 'yar'uwarta ce ta sayo mata, don haka ba zan iya yanke hukunci ba.

Ban yanka ko ɗaya ba. Ina jiran abin da za ki ce.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Muna nan. Na ga wasiƙunka biyu. Ka bar maganar kabewa haka nan. Ka dasa tafarnuwa kafin ƙasa ta yi tauri.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da fatan kowa lafiya. Ni lafiya.

An dasa tafarnuwa, fangali huɗu, kan yana kallon sama. An rufe sauran da kara da ganye. Sanyin farko ya sauka, ya ƙone ganyen barkono, amma na riga na tsinke shi. Karas ta fara fita kasuwa, kuma gaskiyarki, ta fi zaƙi.

Na daɗe ina jiran amsa, da ta zo na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar lambu, na sake karantawa a zaune. Tun ina makarantar kwana kike rubuto mini, ban taɓa ganin wasiƙarki da ba ta cika takarda ba, kuma ban taɓa ganin wadda ba ki ce mini "ɗana" ba. Na fahimta, kuma ban ga laifinki ba. Abin da kika riƙe shekara da shekaru, ni na kai shi tasha a baro.

Idan kin fi so wani ya riƙe lambun kafin ki dawo, Mai Zuma ya san kan komai, zan ba shi makulli in ci gaba da zuwa ina yin abin da ya sa ni. Ba fushi ba ne, don hankalinki ya kwanta ne.

Abu ɗaya ne ba zan bi umarninki a kai ba. Kwalin yana nan a rataye, kuma ba zan sauke shi ba sai na san inda ta shidan ta shiga.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo, ɗana, ɗana, ɗana,

Ga su nan uku, ka ajiye biyu saboda gaba.

Muna lafiya yanzu, alhamdulillahi. Ƙaramin jikan ne zazzaɓi ya kwantar har aka ba shi gado a asibiti, a makon da uwarsa ke shiga jarrabawa. Waccan wasiƙar a tsaye na rubuta ta, na dafa takarda a bangon baranda, direban da zai kawo maka yana ta danna mini oda a waje. Ban rubuta maka zancen ciwon ba don kada ka bar lambu ka taho. Yaron ya warke, har ya tuge mini na'ana'ar da na ceto. Taubashiyarka ta gama, tana jiran sakamako. Ta karanta wasiƙarka ta ƙarshe ta ce ashe dogon mutum ma yana da guntuwar zuciya.

Da na ce ka bar maganar, nufina ka daina cin ranka. Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar da na karanta zancen baro na zauna a bakin gado na kasa tashi. Amma ko sau ɗaya ban ji haushinka ba. Ni na tafi ban faɗa maka ba.

Kuma ka sa na tuna abin da na manta. Inna zare ɗaya gare ta, ja, na ɗinkin matashi. Da shi take ɗaure na iri, da shi take ɗaure na alkawari, ita kaɗai ta san wanne ne wanne. Ubanka shi ke raka ta kasuwa, ya ɗauki rabin da ya gani. Ni nake zama da ita a lambu, na ɗauki ɗaya rabin. Muka rayu muka tsufa, kowa yana ganin shi ya gaji Inna, ba mu taɓa zama mun kwatanta ba. Sai kai ka zo ka haɗa mu. Da na karanta inda ka ce ka ga zaren ka tuna ɗan'uwana, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwarsa, kuma ba na baƙin ciki ba ne.

Zancen makulli kuma kada in sake ji. Wa ya kwashe kabewa kafin sanyi? Wa ya shanya albasa, ya tsinke wake, ya bar ofishinsa mai kujera ya zo yana bin agwagi? Mai Zuma mutumin kirki ne, amma ba ya bambance kabeji da latas sai ya ɗanɗana. Ka gaishe shi, ka gode masa. Ka gode wa mai ƙwai, da mai babur, da dattijon nan. Ban san haka mutane suka ɗauke mu ba.

Yanzu ka ɗauki wasiƙar nan ka je gaban katakon. Nawa zaren na ɗaura shi ne tun kabewar ba ta kai babban yatsa ba. Mariƙin ya yi ta kauri, zaren bai ƙaru ba, don haka ya nutse cikin karan, kamar zobe a yatsan da ya yi ƙiba. Ba ya juyawa, farce ba ya shiga ƙarƙashinsa. Naka a kan busasshen kara ka ɗaura, zai yi ta yawo. Ka taɓa su ka gani.

Idan babu tawa a ciki, to, mu shuka gaurayen mu ga abin da Allah zai fitar, mu yi ta zaɓe har ta dawo kusa da kamanninta. Zai ɗauki shekaru, ban san ko ina da su ba. Kai kana da su.

Allah ya yi maka albarka, ya saka maka da alheri.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na yi murna da jin yaron ya tashi, Allah ya ƙara lafiya. Ki ce wa likitar gobe guntuwar zuciyar tana nan, kuma tana yi mata addu'ar sakamako duk da haka. Ƙuguna ya daina magana, ko ya saba ko ya haƙura.

Na je gaban katakon da wasiƙarki a hannu. Duka ukun zarensu yana juyawa. Nawa ne. Na mayar wa biyu nasu, dattijon ya ce in riƙe tasa, kuma har yanzu yana jiran baɗi.

Lambu ya kusa kwanciya. Dankali ya shiga buhu. Kabeji saura layi biyu. Tafarnuwa ta fara leƙowa ta cikin ganyen da na rufe ta da shi, ban san ko daidai ne tun yanzu ba, ki faɗa mini. Na gyara rufin ɗakin ajiya a inda ya yi yoyo bara, na kuma sayo gwangwani mai murfin roba. Mai Zuma ya ce na sayi gida kafin a haifi mai shiga.

Ga labarin. Ashe tun ranar da na je wajenta, Mai Abinci ba ta zuba wa direba abinci sai ta tambaye shi zancen kabewa mai jan zare. Ta ce tunda ta soya huɗu, dole ta nemo ɗaya. Jiya ta aiko a kira ni. Na tarar da wani direba yana cin abinci, ta ce masa, "Ajiye cokalin, maimaita masa abin da ka faɗa mini."

Ya ce yayar matarsa tela ce a garin da yake kai fasinja, tana sa tabarau, kuma takan zo kasuwarmu jefi-jefi. Ya ga wata doguwar kabewa mai launin toka a kan kabad ɗinta, ta ce tana ajiye ta ne sai sanyi ya kankama. Na tambaye shi zaren. Ya ce abin da ya sa ma ya tuna ke nan: ta yi ta mita cewa ita da zare sana'arta ce, amma ta sa bakin almakashi ta kasa zaro wannan, ya shige cikin kara, sai ta ƙyale shi.

Na ce zan bi shi a motar nan take. Ya ce in zauna, ya riga ya yi mata magana, ta ce ba ta son biyu a madadi, tana son 'ya'ya kaɗan idan an yanka, ta gwada a bayan shagonta. Na amsa mata a madadinki. Mai Abinci ta ce idan ya bari kabewar ta gangara a bayan mota, kada ya sake zuwa mata da yunwa.

Na share katakon sama. Zai kawo ta ranar kasuwa, a kujerar gaba. Ya ce ba a yanka ta ba, kuma babu inda ta yi laushi. Ban gan ta da idona ba tukuna.

Ɗanki,
Dogo